Kujerar Inna Tana Barandar Malam Isiyaku

Shekara huɗu ke nan da muka kai yayana, Malam Shu'aibu, makwancinsa. Ya rasu garin nan ana ce masa Abuja. Da zai tashi yau sai ya tarar an ɗauke sunan an kai wa sabon birnin da ake ginawa, mu an bar mu da Suleja. Na san abin da zai yi: zai yi dariya, ya ce suna ai ba ya ciwo. Haka yake. Ni kuwa na ga yadda aka ɓata nasa sunan, na kuma ga ciwon da ya yi masa.

Yaya hedimasta ne a wata firamare a nan gari, amma idan aka tashi makaranta kafinta yake komawa. Ba don sana'a ba, sha'awa ce kawai. Yana da rumfa a bayan gidanmu na Kwamba, da zarto da gizago da guduma, kullum rigarsa da garin katako. Tun yana karatun malanta a Zariya ya ga kujera mai lilo a gidan wani malaminsu, ta zauna masa a rai. Da ciwon baya ya matsa wa mahaifiyarmu, Inna, har zaman tabarma ya gagare ta, sai ya ce lokaci ya yi.

A gonar mahaifinmu ta Maje akwai wani madaci da iska ta kayar. Itacen nan Yaya ya sa aka tsaga masa, ya jera katakon a rumfa har ya bushe. Wanda ya nemo masa motar da ta kwaso shi mataimakinsa ne a makaranta, Malam Isiyaku. A gabana suka sauke, na kai musu kunun zaƙi, Malam Isiyaku ya sha ya yi godiya. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Aikin ya ba shi wuya. Mazauni da majingina ba su dame shi ba, ƙafafun nan biyu masu lanƙwasa su ne suka hana shi sakat. Ya kafa turke a tsakar gida, ya ɗaura igiya, ya zana lanƙwasar a ƙasa, ya fere katakon a kai. Gwajin farko kujerar ta kifar da shi ta baya, ƙafafu sama, muka yi ta dariya har shi. Ya sake ferewa, ya ƙara tsawon bayan, ya goge da samfefa har hannu yana zamewa a kai. Da ya kawo ta gaban Inna sai ta ce, "Shu'aibu, da tsufana za ka ɗora ni a lilo?" Ya ce, "Inna, ki zauna kawai, in ba ta yi ba na mayar da ita itacen girki." Ta zauna. Daga ranar a kai take jan carbinta, a kai take gyangyaɗin bayan azahar.

Sai lokacin nan ya zo da ake ta sallamar ma'aikata, kowa yana kai ƙarar kowa. Malam Isiyaku yana son kujerar hedimasta. Ya je ya ce Yaya ya kwashe katakon da aka kawo don bencin yara ya yi wa uwarsa kujera. Masu bincike suka zo gidanmu da rana tsaka, shi yana gaba yana nuna musu hanya. Inna na kan kujerar. Ni na kama ta na tashe ta, na zaunar da ita a ƙasa. Leburori biyu suka ɗauki kujerar a ka, aka bi da ita ta bakin kasuwa, mutane suna nunawa. Yaya ya ce, "Isiyaku, kai fa ka kawo katakon nan." Ya kawar da kai ya ce bai tuna ba.

Aka sallami Yaya. Bai sake shiga rumfarsa ba. Mutumin da yara ke durƙusa wa a hanya ya koma bin bayan gida zuwa masallaci. Kafin shekara ta zagayo jininsa ya hau, ya faɗi, bai ƙara magana ba. Inna ta bi shi damina ta gaba, a kan tabarma.

Malam Isiyaku ya samu muƙamin hedimastan, bai ma daɗe a kai ba. Da aikin sabon birni ya buɗe, ya ajiye alli ya zama ɗan kwangila, kuma katako yake kaiwa. Kujerar da aka ce shaida ce, ban san ta yaya ba, ta koma barandarsa. Duk mai wucewa da yamma yana ganinsa a kai yana kaɗa ƙafa.

Watan jiya ya zo gidanmu tare da Kawu Lawal, ƙanen Inna. Shi Malam Isiyakun zai tafi aikin Hajji bana, yana neman yafiya. Kawu ya ce, "Hadiza, mutum ya zo da ƙafarsa. Ki yi haƙuri, za a dawo da kujerar yau." Na ce, "Kawu, ban ƙi ta taku ba, amma ba a ɓoye aka fitar da ita ba. Ya ɗauko ta a kansa, ya biyo ta bakin kasuwa, ya tsaya ƙofar gidan nan ya faɗa wa jama'a inda katakon ya fito. Ranar zan yafe nawa." Malam Isiyaku ya ce da girmansa ba zai iya ba. Washegari ya aiko da ita a mota, an lulluɓe ta da buhu. Na ce wa direban ya mayar inda ya ɗauko.

Mutane sun ce na cika riƙo, wai da Yaya na nan da tuni ya yafe. Gaskiya ne. Da ma ya tambayi Malam Isiyaku ko kujerar tana masa daɗin zama, ko akwai ƙusar da ke son gyara. Haƙurin nan nasa na gani da idona inda ya kai shi, kuma ban gaje shi ba.

Yaya bai bar gida na kansa ba, bai bar fili a Maje da yanzu ake rububi ba sai rabonsa na gado. Ya bar 'ya'ya biyu da nake riƙo, waɗanda na gaya wa komai ban rage ba. Ya bar ɗalibai da har yau in sun gan ni suke tsayawa su yi masa addu'a, kuma babu ɗayansu da ya yarda ɓarawo ne. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna. Shi kuwa Malam Isiyaku, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Akwai ranar da za a tsayar da su su biyu a inda ba a cewa ban tuna ba. Abin da nake roƙo kawai, a tsayar da ni kusa.