Burtalin da Aka Zuba wa Kwalta

Mu uku ne ranar: ni, da 'yata wadda nake zaune a wurinta a Dagenham, gefen Landan, da maƙwabciyarmu 'yar Ghana mai sayar da atamfa, mai jin Hausa. Ni nake faɗa, 'yar tawa ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Mun tashi da asuba, sallah kawai muka yi muka fita. Dalilin tafiyar wani wasa ne da muke kallo a talabijin, na mutanen Wales na zamanin da, masu koro shanu a ƙafa har kasuwar Landan. Ba na jin Turanci, amma na san shanu. Ubana ma aikinsa ke nan, kora shanu zuwa Kudu. Ina 'yar shekara tara ya tafi bai dawo ba. Aka ce wata mace ya samu a can. Tun daga nan ban ƙara sa sunansa a addu'a ba.

To a wasan nan, zazzaɓi ya kayar da wani mai kora a hanya. Abokansa suka binne shi a gindin bishiya suka wuce, don garke ba ya jira. Da suka koma gida ba wanda ya iya duban idon matarsa, sai suka bar ta da zato. Kwana uku ina juya abin. Na ce a kai ni inda hanyarsu ta ƙare.

A tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai kamar gidan makoki. Mun canza jirgi sau ɗaya, muka fito cikin hazo mai jiƙa mayafi. Kasuwar tana nan, amma babu saniya ko ɗaya mai numfashi, sai nama a rataye da maza cikin fararen riguna. Maƙwabciya ta saya mana shayi. Tsada kamar magani, ɗanɗano kamar ruwan wanke kwano.

Kusa da kasuwar akwai wani siririn titi mai lanƙwasa. Ina ganinsa na gane. Mutum ba ya yanka hanya haka, kofato ne ya taka ta. Burtali ne aka zuba wa kwalta.

A garinmu ba a tsayawa tsakiyar burtali da sassafe, ko da ba kowa. Ina cikin faɗa wa 'yata haka sai warin kashin shanu ya buge ni, ɗanye, da ɗuminsa. Ƙasa ta fara amsawa a tafin ƙafata. Na ja baya na manne da bango. Can cikin hazon na ji an kaɗa harshe sau biyu, aka tsaya, aka ƙara ɗaya. Haka ubana yake kiran saniyar da ta yi baya. Ban taɓa jin wani ya yi irinsa ba.

"Mama, lafiya? Ko in kira likita?" in ji 'yata, tana tsakiyar titi da waya a hannu.

"Matso nan. Ba a tare hanya."

Ta matso tana gunaguni. Na waiga, ashe maƙwabciya ta riga ni mannewa da bango, shayinta ya zube.

"Hajiya, ya wuce?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Me kika gani?"

"Ban gani komai ba. Amma mutumin ya gaji sosai."

Muka dawo Dagenham. Abin da na ɗauko a tafiyar shi ne, ba duk wanda bai dawo ba ne ya ƙi dawowa. Shekara sittin ina hukunta mutum a kan maganar da ba wanda ya gani da idonsa.

Washegari na dama fura da madarar kanti, na bi ƙofofin benenmu na raba sadaka. Sannan na koma kan darduma na kira sunansa. Ya yi mini nauyi a baki, sai a karo na uku ya fita.