Mujallar Yaya Sabi'u da Ba Ta Shiga Rabon Gado Ba

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Yaya Sabi'u daga gidanmu na Tudun Wada, Allah ya jiƙansa. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa. Malamin jami'a ne a fannin noma, amma in ka tambaye shi abin da ya yi a duniya, mujallarsa zai fara ambata. A intanet ya kafa ta. Masana su aiko da bincikensu kan gero da dawa da cututtukan shuka, kowa ya karanta kyauta.

Na sha tsokanarsa: "Yaya, wai mujallar nan taka ta aljanu ce? Buga mana ita a takarda mu gani mana."

Sai ya yi dariya. "Ke dai Binta, takarda abincin gara ce. Wannan kuwa ko na mutu tana nan. Sadakata ce mai gudana."

Da ya rasu aka zauna rabon gado, malamai suka yi aikinsu tsakani da Allah. Gida, mota, gonar Dutsen Abba, komai an yi masa ƙima. Kwamfutarsa ta faɗa rabon babban ɗansa Nura, ya kai ta wurin masu gyara a unguwar Kongo suka goge abin da ke cikinta tas, ya ci gaba da karatunsa da ita. Ba laifinsa ba ne. Cikin duk waɗanda suka zauna ba wanda ya ce, "Mujallar fa?" Abin da ba a ɗauka a hannu, wa zai sa shi a gado? Mun zaci abin da ya hau intanet ya zauna ke nan. Ashe zaman haya ne, sai ana sabuntawa, kuma Yaya kaɗai ke yi.

Bara wata ɗaliba ta yi sallama a gidanmu. Tana neman wani bincike kan ciwon gero da wani dattijon masani ya rubuta, shi ma ya rasu, kuma a mujallar Yaya kaɗai ya fito. Ta miƙo min waya ta ce, "Hajiya, dubi abin da ke adireshin mujallar yanzu." Tallan caca ne, wallahi. Mutumin da ko karta ba a shiga da ita gidansa! Na zauna na yi kuka kamar ranar ya rasu.

Abokin aikinsa Malam Garba ne ya fahimtar da ni cewa akwai rumbunan ajiya da ake kai wa kwafin irin waɗannan mujallu a wurare daban-daban, ko mai ita ya mutu a same ta. Ya ce, "Na sha gaya masa. Kullum sai ya ce bari ya gama da fitowa ta gaba."

Da Yaya zai leƙo yau, na san ba ɓacewar sunansa ce za ta ɗaga masa hankali ba. Mutanen da suka sha rana a gona shekara da shekaru, suka damƙa masa amanar aikinsu, su zai ji wa kunya. Haushinsa ma nakan ji wani lokacin. Kai da ka tsare mujalla daga gara, ka manta da mutuwa?

Yanzu ni da Nura muna bin tsofaffin ɗalibansa, duk wanda ya taɓa sauke wani abu a waya ya turo, Malam Garba ya kai rumbun. Mun samu da dama, kuma duk a hannun waɗanda suka karanta kyauta. Wannan halin nasa na bayarwa shi ya rage mana, shi ne kuma ya ceci abin da ya tsira.

Binciken dattijon nan dai har yau shiru. Ɗalibar takan kira, in ce mata tukuna. In na idar da salla ina yi wa Yaya addu'a, abu ɗaya nake ƙarawa: Allah ya sa ladansa bai tsaya ranar da shafin ya rufe ba.