Injin da Aka Zaɓa da Hannun Hagu

Kafinta da Birkila ba su taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Tun suna da baƙin gashi suke maƙwabtaka, kuma duk tsawon zamanin nan, abin da ke buɗe musu baki da safe shi ne faɗa a kan ganye.

Lokacin da suka zo layin, fili ne fetal, sai ciyawa da turakun awo. Birkila ya ɗora wa gidajen biyu bulo, Kafinta ya buga musu rufi da ƙofofi, aiki ya biya aiki. Ana cikin ginin ne ɗayansu ya sha mangwaro ya yar da ƙwallon daidai kan iyaka, tsakanin ƙofar wannan da ta wancan. Ƙwallon ya tsiro, ya zama bishiyar da ta fi rufin gidajen tsawo. In ta yi 'ya'ya, kowa sai ya rantse shi ya yar da ƙwallon. In ta fara zubar da ganye kuwa, kowa sai ya tuna sarai cewa ɗayan ne.

Kafinta ne mai sammako. Zai fito da tsintsiyarsa mai doguwar ƙota, ya tattara ganyen gefensa ya tura su bayan bishiyar. Ba a jimawa Birkila zai fito yana gyaran murya, ya dawo da su har da ƙari.

"Kai, mai karkataccen bango! Wannan tarin fa?" in ji Kafinta.

"Tambayi iska."

"Iska ce ta jera su reras a bakin ƙofata?"

"Iskar yanzu ta waye, mai ƙofa mai kuka."

Matansu tuni suka daina rabon faɗan, suna can suna miƙa wa juna gishiri da ashana ta saman katanga. Yaran gidajen biyu a inuwar bishiyar suka yi rarrafe, a kanta suka kekketa riguna, kuma duk wanda aka kama a sama, uba biyu ne ke jiransa a ƙasa. A zamanin, layin yana da rai. Rumfar Kafinta a bayan gida ba ta rabo da ƙarar zarto da ƙamshin sabon katako, ana layin kujeru da gadajen jarirai. Ranar da Kafinta ya faɗo daga rufin wani gida, Birkila ne ya goya shi har bakin titi, yana tafe yana mitar cewa bai taɓa ɗaukar ƙaton banza mai nauyi irin wannan ba.

Sannu a hankali komai ya janye. Yara suka watse garuruwa. Mutane suka koma sayen kujerun kanti, rumfa ta yi shiru. Matar Birkila ta rasu. Sababbin maƙwabta suka zo da dogayen ƙofofin ƙarfe, irin mutanen da sai dai ka san ƙarar motarsu. Abin da ya rage na da shi ne bishiyar nan, da tsofaffi biyu masu tsintsiya.

Sai wata safiya Birkila bai fito ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'yarsa ta zo daga garin da take aiki ta zauna jinyarsa.

Kafinta ya yi abin da ya ga ya dace: ya riƙa share ƙofar gidajen biyu tas, ya kwashe ganyen ya kai bola. Ya shiga dubiya, Birkila ya juya fuska bango. Ya sake shiga, haka. Wata rana 'yar ta biyo shi waje.

"Baba, likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi in ya riƙe sanda. Shi ne ya ƙi. Ko magana ya ƙi yi, kunyar bakin da ya karkace yake ji. Da safe yakan leƙa ta taga, in ya ga ka share ko'ina, sai ya koma ya kwanta." Ta goge ido da bakin mayafinta. "Hutuna ya kusa ƙarewa. In bai tashi ba, tafiya zan yi da shi, a rufe gidan."

Kafinta ya koma gida. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in aka sa Birkila a mota, ba zai sake ganinsa ba. Ya kuma gane ɓarnar da ya yi da hannunsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tashi don ya rama, an wayi gari ana yi masa shara kamar gidan da babu kowa. To amma ko ya bar masa ganyen, tsintsiya mai ƙota hannu biyu take so.

Ya taɓa ganin wani ma'aikaci a gidan mai, da inji goye a baya, yana hura iska yana kora ganye. Da ya tambaya, aka ce masa akwai ƙananansu masu batir. Washegari ya sa hula ya nufi shagon kayan aiki.

Mai shagon mace ce mai fara'a da saurin baki. Ta sauko masa da wani babba tana yabon ƙarfinsa. Kafinta ya cusa hannun damansa cikin aljihu, ya ɗauki injin da hagu. Kafin ya kai ƙarshen kanta, wuyan hannunsa ya fara rawa, bakin injin na rinjayarsa ƙasa. Ya ajiye.

"Ga wannan, Baba, ba nauyi, sai dai mai wayar lantarki ne."

"Mai jan ƙafa da waya a ƙasa? Raba ni da shi."

Na ukun ya yi masa a nauyi, amma sai an danne wani maɓalli da hannu ɗaya kafin a kunna da ɗayan. Ya yi ta fama da yatsu biyar har gumi ya tsatso masa, hannun dama na ta motsi a aljihu yana so ya kawo agaji, ya hana shi. Mai shago ta tsaya tana kallon ikon Allah.

Can ƙasan kanta ya hango wani ɗan ƙarami. Ya ɗaga shi, bai fi butar shayi cike da ruwa nauyi ba, kuma mariƙinsa a tsakiya yake, ba ya rinjaya gaba ko baya. Babban yatsa kaɗai ke kunna shi, in ya kunnu kuma ba sai an ci gaba da dannawa ba. Ya zauna a kan wani kwali, ya matse injin tsakanin gwiwoyinsa, ya zare batirin ya mayar da hannu ɗaya. Batirin ya shiga ƙas.

"Wannan fa na ƙananan ayyuka ne, Baba. Baranda, matakala, ɗan tsakar gida. Jiƙaƙƙen ganye ba ya ɗaga shi, cajinsa ma ba ya daɗewa."

"Tafiyar da zai yi ba nisa."

"Hannun naka ne ke ciwo?"

"Nawa lafiya lau. Na wani abokin gabata ne ya mutu."

Ta ɗauko masa kwalin.

Saura bayarwa, kuma nan ne wuyar. Birkila ba ya karɓar kyauta daga hannun Kafinta, ko ruwa ne sai ya ce da ɗumi. Don haka da gari ya waye, Kafinta ya kunna injin ya kora ganyen bishiyar kakaf, nasa da na maƙwabcin, ya tara su a barandar Birkila, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsa.

"Ka ji tsoron Allah, Malam!" in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Mutumin nan a kwance yake."

"Shi ya so kwanciyar," ya faɗa da ƙarfi, yadda za a ji ta taga.

Ba wanda ya fito. Washegari ya ƙara, har wani maƙwabci mai mota ya sauke gilashi ya galla masa harara. 'Yar Birkila ta fito da tsintsiya, ya yafito ta ya raɗa mata ta bar su yadda suke. Tarin ya yi ta girma, Kafinta na ta ramewa.

Ran nan da ya gama, sai ya jingina injin a gindin bishiyar, ta gefen Birkila, kamar wanda ya manta. Ya shige gida ya tura ƙofa, ya manna ido a tsagar katako.

Ya daɗe a tsaye har ƙugunsa ya ƙage. Can ya ji ƙofar Birkila ta buɗe. Sanda ta fara fitowa, sannan ƙafa, sannan ɗaya ƙafar tana jan ƙasa. Birkila ya rame, rigarsa na reto a jikinsa, har Kafinta ya ji idonsa ya kawo ruwa. A hankali tsohon ya ratsa ganyen ya kai bishiyar, ya jingina bayansa da ita, ya saki sandar, ya lalubo injin da hagu. Ya jujjuya shi. Babban yatsansa ya faɗa kan maɓalli.

Ganyen farko ta tsagar ƙofar suka shigo, har cikin bakin Kafinta. Ya banko ƙofa ya fito yana tofarwa.

"Wane marar kunya ne ya taɓa mini inji?"

Birkila ya kashe injin. Ya dubi Kafinta sama da ƙasa, leɓensa na rawa, ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Ra...go."

Ya sake kunnawa, ya saita bakin injin kan ƙofar Kafinta.

Da yamma 'yar ta yi sallama, fuskarta a sake, rabonta da haka tun zuwanta.

"Baba, babana ya ce injin ya mutu. Ya kuma ce ba zai mayar ba."

"Ba mutuwa ya yi ba, caji ne ya ƙare."

"To a ba ni abin cajin in kai masa."

"Ba na bayarwa. Wanda ya iya fitowa ƙwace, ya iya takowa nan kullum ya yi caji."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta ce gobe za ta fara neman wanda zai riƙa kwana da shi idan ta koma aiki.

Da ta fita, Kafinta ya buɗe rumfarsa, ya jawo wata kujera mai hannu, irin wadda tsoho zai dafa ya miƙe. Ya kakkaɓe mata ƙura, ya kai ta baranda, ya ajiye kusa da soket.