Na kai wa Baba darar Nomau a Tamaske

Ana sallame sallar asuba muka bar Madawa, ni da abokina, mai koya wa yara aikin odinatar, wato kwamfuta. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Mahaifina na Tamaske, kuma tun da amininsa Nomau ya rasu bara bai sake taɓa dara ba. Mutumin da tsamiyar ƙofar gida ta san zamansa kullum, yanzu daga ɗaki sai masallaci. Inna ta ce ko tuwo sai an yi da gaske. Na ce wallahi sai na fito da shi.

Makamin nawa yana cikin waya. Abokina ya daɗe yana ba ni labarin injinan darar Turawa, wadda ake ce wa eshek: akwai masu lallasa kowane gwani, akwai kuma waɗanda ake ciyar da su wasannin mutane har su koyi wasa irin na ɗan Adam, da gaggawarsa da kurensa. Irin na biyun ya haɗa mana da darar gida, ta gurbi da tsinke da tsakuwa. Abin da ya rage shi ne injin ya koyi hannun Nomau, shi kuwa sai da bidiyon wasanninsa.

Hanyar Buza ta gwada mana hali. Jikka biyu kowa ya biya, aka cusa mu tsakanin buhunan albasa, wani rago yana lasar mini kunne kamar mun saba. Amma gari ya yi kyau: an yanke hatsi, dammuna jere a gonaki, dawa na jiran nata lokaci a cikin kwari.

A kasuwar Buza muka sami wani mai tireda, wanda duk zuwansa cin kasuwar Tamaske sai ya ɗauki 'yan dara a waya. Ya tura mana bidiyon kaf, ya haɗa mu da shayi mai kauri da cuku, ya ƙi karɓar ko dala. Ganin Nomau a allon, da hularsa a karkace, sai da na juya baya na share ido.

Daga nan hanya ta hau dutse ta sauka, ta sake hawa, har Keita. Can muka yada zango gidan ƙanwar Inna, abokina ya duƙufa yana shigar da wasannin ɗaya bayan ɗaya, ni ina gefe ina aikin da na fi iyawa, wato shan fura. Da ya gama muka gwada, sai na ga ya ɓata rai. Wai injin ya lalace. Idan aka ce masa da wani yake wasa, ba ya ɗaga ƙafa. Idan aka ce da Baba ne, sai ya yi ta ci, ya kusa gamawa, sannan ya janye tsinke guda daga kusurwa ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce bari ya goge wannan kure.

Na riƙe masa hannu. Ni ɗan Tamaske ne, na san abin. A dandalinmu ba ka tashin wanda ya girme ka da kaye, sai ka bar masa hanya. Amma a ɓoye ake yi, don idan ya gane ka zage shi. Nomau kuwa ƙane ne ga Baba a shekaru. Abokina ya ce to idan tsohon ya gane fa, ba mun ƙara masa ciwo ba? Gaskiyarsa, ni ma gabana ya faɗi. Duk da haka na ce a bar shi, Nomau na zo kaiwa, ba wani gwani ba.

Washegari da hantsi muka hau kabu-kabu zuwa Tamaske. Na tarar da Baba ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa na tona gurabu a tsakar gida, na ce ga baƙo yana neman wasa. Ya harari wayar.

"Mi wanga abu ya sani ga dara?"

"Baba, gwada shi dai. Ni ne hannunsa."

Ya zauna don kada ya ba ni kunya gaban abokina. Injin na faɗa, ina dasa tsinke. Tun ba a yi nisa ba ya gyara zama, ya ce wannan shegiyar shigowa ta gefe ya san mai ita. Aka ci masa tsakuwa, aka ƙara, har Inna ta bar dakanta ta matso. Sai wayar ta ce in janye tsinken kusurwa. Na janye.

Baba ya daɗe yana duban gurbin. Can ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Har wagga ta koya? Ja'iri Nomau! Shi tsammani shi kai ban sani ba. Shekara da shekaru ina ci don kar in kunyata shi."

Ya kai hannu ya ci. Ya share ƙasar da tafinsa, ya ce dara ba ta tsakar gida ba ce, a ɗauko masa tabarma.

Mun dawo Madawa ta hanyar Tawa, kwalta sumul, abokina na ta lissafin yadda zai ƙara wa injin ƙarfi. Ni dai abin da na koyo shi ne, injin ya iya kwaikwayon abin da mutum ya yi, amma dalilin yana wurin mutanen. Wayar ma tana aljihuna, Baba ya ƙi riƙe ta. Da na kira Inna in ce mun sauka lafiya, ta ce yana gindin tsamiya, ya sa an kira masa babban ɗan Nomau, wai ya zo a gani ko ubansa ya koya masa ladabi.