Ƙafar Murhu

Shekarar da maigidana ya bar soja muka dawo Rikoto, bai zo da komai na kirki ba sai wani tsohon injin walda. Ba sana'a yake yi da shi ba, sha'awa ce kawai. Da an kawo wuta zai zabura ya jawo shi tsakar gida, ko da tuwo na gabansa. Ya yi mana ƙofa, ya yi kujerun da ba mai zama a kai sai baƙon da bai sani ba, ya yi mini murhun gawayi mai ƙafa uku. Murhun kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba.

Injin nan waya biyu gare shi. Ɗaya ke riƙe sandar walda, ɗayar kuma, wadda yake kira at, ita ake maƙala wa ƙarfen da ake aiki a kai don wuta ta koma inji. Wayar at ɗinsa gajera ce, ɓera ya ci rabinta, shi kuwa kullum gobe zai sake ta.

Wata Asabar da damina ina wanki, zan shanya kayan zuwa coci. Igiyar shanyarmu waya ce, ɗaure tsakanin turakun ƙarfe biyu da shi ya kafa. Ashe bawan Allah ya jingina tagar da yake haɗawa a turke ɗaya, at ɗin bai kai ba, sai ya maƙala shi a ɗayan. Wuta ta bi ta igiyata. Ni ba takalmi, ƙasa jiƙe, na ɗora zane. Abin da na sani kawai, wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har haƙora, na tsinci kaina zaune cikin ruwan sabulu.

Na zage shi tas. Na ce, "Baban yara, yaƙi bai kashe ka ba, shi ne ka zo gida ka kashe ni?"

Ya duba hannuna ciki da baya. Ya naɗe wayoyinsa, ya tura injin ɗakin ajiya ya sa kwaɗo.

Da farko na ji daɗi. Amma wata biyu, mutumin nan ya zauna ƙarƙashin mangwaro kamar buhun dawa. A kawo wuta, ko kai ba ya ɗagawa. Abinci ya rage, tsokanata ma ya daina. Na ce ya fito da injinsa, na yafe, ya ce a'a. Tsoro ya kama ni, don na ga tsofaffin sojoji da zama ya cinye a unguwarmu, kuma ina son mijina.

Ranar kasuwa na sa wani mai walda ya yanko mini waya mai kauri, doguwa. Da na dawo na kwantar da murhuna bayan ɗaki, na sa masa taɓarya. Sai da na yi gumi kafin ƙafa ɗaya ta fita.

Na dire shi gabansa da wayar. "Ga shi, ya karye. Ko ka gyara ko mu kwana da yunwa."

Ya juya ƙafar, ya daɗe yana kallon wurin karayar. Sannan ya tashi ya ɗauko makulli. Da ya haɗa komai, ya tsaya riƙe da at, ya kasa maƙalawa. Na sa takalmin roba, na karɓa, na kankare tsatsa na dantse shi a jikin murhun kansa.

"Maman yara," ya ce, yana rufe fuska da gilashi, "waldata ba ta karyewa da kanta."

Na ce, "Yi aikinka kafin a ɗauke wuta."

Tun daga ranar har ya bar duniya, bai ƙara kunna injin nan ba sai ya kira ni na maƙala masa at da hannuna.