Kaftin Fathi da Tumbina

Duk wanda ya zauna a gininmu na unguwar Al-Sadd ya san Kaftin Fathi, tsohon Bamasaren nan mai kula da ginin, ba ya gaisawa da tafin hannu. Naushi yake kai maka a ciki, ya ce, "Wannan tumbi ne ko matashin kai?" Da ƙuruciyarsa ya yi wa Masar damben zamani, irin wanda ake yi don lamba kawai, har ya ciwo ta tagulla. Allah Ya sani, babu wanda ya sha labarin tagullar nan kamar ni.

Ana gab da kullen korona likita ya ce sukarina ya yi sama, in ban rage ƙiba ba allura ce har ƙarshen rayuwa. Na tsorata ƙwarai. Tsautsayi ya sa na faɗa wa Kaftin a cikin lif. Ya danna maɓalli, ya ce, "Fita, Injiniya. Khalas, shi ke nan, kai da lif kun rabu." Hawa na bakwai fa nake!

Da kulle ya zo na ce alhamdu lillahi, na huta. Ina! Washegari sai ga shi a ƙofata da takunkumi, ya ɗaure safar dambe a kan sandar goge ƙasa.

"Kaftin, an ce a ba da tazara."

"Ga tazarar nan, na auna. Yalla, kare kanka!"

Mutumin da ya haura saba'in ya riƙa dukana daga nesa, matata Hajiya tana leƙe tana dariya har da hawaye. Na ce masa mu a gida hannu ɗaya ake naɗewa a yi dambe. Ya ce, "Kai ko ɗayan ma ban gani ba."

Lokacin Kofin Duniya na samu damar ramawa. Gari ya cika da tutoci, na ce, "Kaftin, ina Masar? Na duba ban gan ta ba."

"Ina Najeriya?"

Mu ma fa ba mu samu zuwa ba. Ya ci gaba:

"Ƙwallo! Mutum goma sha ɗaya, kowa yana laɓewa bayan wani. 'Yan dambenmu su kaɗai suke hawa su ciwo lambar Olamfik." Washegari ya rataya tagullarsa a wuya ya shiga jirgin ƙasa. 'Yan kallo suka yi ta ɗaukar hoto da shi, shi kuma yana ƙwace lemon kwalba daga hannuna.

Bayan gasar da 'yan watanni ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. A makon ne gwajina ya fito, likita ya ce babu allura, har ƙwayar da nake sha ma za a rage. Na tafi asibiti da takardar. Ya rame, magana ba ta fita sosai. Ya daɗe yana dubanta a juye, don ba ya karanta Turanci.

"Mun ci?"

"Mun ci, Kaftin."

Ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga shi sama kamar yadda alƙalin wasa yake yi. Ya ƙi saki sai da ma'aikaciyar jinya ta tafa. Wallahi kuka na yi, ƙato da ni.

Kwana huɗu bayan nan ya rasu. Ya Allah, baƙo ne ni, ba ɗansa ba, ya tsaya a kaina. Ka tsaya masa, Ka yafe masa, Ka sa ya huta.