Da Sauƙi, In Ji Inna

Tun ranar da motar ta tsaya a gindin rimin ƙofar gidan mai gari raina bai kwanta da matar da ta fito daga cikinta ba. Aka ce likitar gaɓoɓi ce daga birni, wai bincike take kan ciwon da muke kira sanyin ƙashi, kuma tana aiki tare da wasu manyan likitoci na ƙasashen waje. Na ce ikon Allah, mu da muke wuni a kan bencin asibiti kafin a dube mu, yau likita ce da ƙafarta har gida? Akwai dai abin da take nema.

A lokacin yatsun Inna, mahaifiyata, sun kumbura sun karkace. Matar da ke ɓare kwanon gyaɗa tana hira ta koma ko ludayi sai ta haɗa hannu biyu. Abin da ya fi ci mata rai carbi ne, ƙwayar ba ta tafiya a yatsunta. Da aka yi shela ita ta fara zura hijabi.

Likitar tana da ladabi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta lallatsa gaɓoɓin, ta ɗauki hoton hannuwan, ta ɗebi jini. Jinin ya tsaya min a rai. Mu da ko farce muka yanke sai mun binne, ga jinin uwata a kwalba za a shiga da shi mota. Ta ce ɗakin gwaji za a kai. Ta ba Inna ƙwayoyi, ta ce in wannan bai karɓe ta ba akwai mai ƙarfi da za a sauya mata, ita dai ta riƙa faɗin gaskiyar yadda take ji.

To, a garinmu babba ba ya cewa babu sauƙi. Ko gobe za a kai mutum makwancinsa, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, ya ƙara da hamdala. Faɗin akasin haka a wurinsu kamar kai ƙarar Ubangiji ne, balle a gaban baƙuwar da ta sha hanya ta kawo maka magani. Duk zuwan da likitar ta yi, daga kaka har damina ta zagayo, amsar Inna ɗaya ce. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta danna wani abu a wayarta.

Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce, "Likita, ni fa nake ɗaura mata zani."

Inna ta juyo ta watsa min harara. "Ke aka tambaya?"

Likitar ta dube ni, ta dubi Inna, ta sake tambaya a hankali. Inna ta ce da sauƙi sosai ma. Ta danna wayarta.

Abin da ke ci na har yau shi ne, ita ma Bahaushiya ce, tana da uwa a gida. Ta san abin da wannan amsa ke nufi a bakin tsohuwa. Yarda ta yi da gaske, ko kuwa amsar da abokan aikinta na waje suke son ji ke nan? Ban sani ba, kuma zargin ya ƙi barina. Magani dai ba a taɓa sauya shi ba.

Bayan ta daina zuwa muka ji ta a rediyo ana ta yabonta, wai bincikenta ya kai har ƙetare, matan karkara sun samu sauƙi. Inna na zaune da carbi a cinya ba ta iya ja, ta yi ta sa mata albarka. Na tashi na shige madafi don kada bakina ya ja min zunubi. Har Inna ta koma ga Allah ni nake ba ta fura a baki.

Bara nawa yatsun suka fara. Na je asibiti a birni aka ba ni magani, na sha, bai yi min komai ba. Ranar komawa, tun daga garinmu Kunci nake tsara abin da zan faɗa: tulu ya gagare ni, zogi ba ya barina, a sauya min. Na zauna gaban likita, wani mai fara'a, ya riƙe hannuna ya ce, "Mama, ya jikin?"

Na ji bakina ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ya yi murmushi ya danna kwamfutarsa.